Ɗan farina da duka yake mulkin ƙannensa, ƙanwarsa kuma ita yara ke bi

Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce, yarana uku, babban namiji shekararsa 8, mai bi masa mace tana da 6, sai auta namiji ɗan shekara 4. Babban ne damuwata wallahi. A gida ya addabi ƙannensa, komai sai ya ce "ni ne babba", in suna wasa shi ke yanka wa kowa abin da zai yi, wanda ya ƙi kuma sai duka, ko rimot ɗin talabijin ba mai taɓawa in yana nan. Amma da na je makarantarsu malamarsa ta ce min yaron shiru-shiru ne, ba shi da abokai sosai, in an fita burek sau da yawa shi kaɗai yake zama. Ita kuwa ta tsakiyar ba ta da hayaniya ko kaɗan amma duk yaran layinmu ita suke bi, ita ke shirya musu wasa, in an yi faɗa wajenta ake kawo ƙara. A zangon nan aka ba ta monita a ajinsu, ranar da ta dawo da murnarta sai yayan ya fashe da kuka, ya ɗauki littafinta ya yaga. Da babansu ya ji sai ya ce laifina ne, wai na bar yarinya tana rawar kai a gaban yayanta, alhali shi ne magajinsa, shi ya kamata ya riƙa ja gaba, har ya ba shi izinin ya hukunta su in ba ya gida. Autan kuma da kuka yake samun duk abin da yake so. Wani abu kuma Anti, babban tun da aka yaye shi yana wajen mahaifiyata, sai da zai shiga firamare ya dawo hannuna, kuma ni har yau ba na iya faɗar sunansa ko in ja shi jikina a gaban mutane, kin san kunyar ɗan fari. Na ga wani bidiyo a TikTok ana cewa ɗan fari da shugabanci ake haihuwarsa, na tsakiya mai sulhu ne, auta kuma ɗan tawaye. To nawa me ya same shi? Shin na lalata shi ne? In danne yarinyar ne dan a zauna lafiya?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki su. Na karanta saƙonki har ƙarshe kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kukan da yaron ya yi kafin ya yaga littafin. Yaro ɗan shekara 8 da zai fashe da kuka dan an ba ƙanwarsa monita, wannan yaro ne da yake jin abu ɗaya da ake yaba masa da shi a gidan, wato girma, yana neman kuɓuce masa, kuma bai san yadda zai faɗa da baki ba sai hannu ya riga shi. Dan haka ki fara cire wa ranki maganar kin lalata shi. Bai lalace ba, shekara 8 ai yanzu ma ake fara gina yaro, kuma uwar da ta lura da duk waɗannan abubuwan har ta je makaranta ta tambayi malama, ba sakaci take yi ba. Amsar tambayarki ta ƙarshe kuwa tun yanzu zan ba ki, a'a, kada ki danne yarinyar. Zan dawo kanta.

Bari mu fara da bidiyon nan tunda shi ya ƙara miki damuwa. Wannan magana ta cewa kowane matsayi a jerin haihuwa da halinsa tsohuwa ce, mu ma muna da tamu tun kafin intanet, ai kin sha jin ana cewa babban wa magajin uba, babbar ya uwa, auta shalele. A Turai kuma wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, a 1874 ya lura cewa 'ya'yan fari sun yi yawa a cikin manyan masana kimiyya na ƙasarsa, daga baya wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Alfred Adler, ya ɗauki batun ya faɗaɗa shi, ya ce ɗan fari yakan yi zamansa shi kaɗai ana ji da shi sai kwatsam a haifo wani a sauke shi daga kujera, shi ya sa yake riƙe iko da ƙarfi. Wannan ɓangaren na Adler akwai hikima a ciki kuma ina ganinsa a ɗanki. Amma shi daga marasa lafiyar da yake gani da kuma tunaninsa ya gina maganar, ba daga ƙidayar mutane masu yawa ba, kuma yawancin bidiyoyin da ake yaɗawa yau maganarsa ce ake ta juyawa ana ƙara mata gishiri.

Da aka zo aka gwada da mutane masu yawan gaske sai abin ya ragu sosai. A 2015 wasu masu bincike a Jamus, Julia Rohrer da abokan aikinta, suka duba bayanan mutane sama da 20,000 daga Jamus da Birtaniya da Amurka, suna neman ko jerin haihuwa yana canza hali, irin su son shiga mutane, natsuwa, sauƙin kai, riƙon amana a aiki. Ba su samu wani bambanci mai ɗorewa ba, abin da suka samu kawai ɗan fifiko ne ƙanƙani ga 'ya'yan fari a jarrabawar kaifin ƙwaƙwalwa. A shekarar dai wasu a Amurka, Rodica Damian da Brent Roberts, suka duba ɗaliban sakandare 377,000, su ma bambancin da suka gani a hali ƙarami ne ƙwarai, irin wanda in an tsayar miki da yara biyu ba za ki iya nuna wane ne ɗan fari ba. Kin ga kenan wanda ya ce miki yaro da salon shugabancinsa ake haihuwarsa saboda shi ya fara fitowa, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa.

Sai dai ba zan ce miki babu komai a ciki ba, dan akwai, kuma nan ne wajen da ya shafe ki kai tsaye. A Suwidin an yi wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan maza, aka ga 'ya'yan fari sun fi na uku yiwuwar zama manyan manajoji da kusan kashi 30 cikin 100. To daga ina wannan ya fito, daga ciki ne ko daga riƙo? Wani bincike na Nowe a 2007, da ya duba samari kusan 240,000 da aka yi wa jarrabawar shiga soja, ya taimaka wajen amsawa. Sun duba yaran da aka haifa na biyu amma yayansu ya rasu tun yana jariri, sai suka tashi su ne manya a gida, aka ga sakamakonsu a jarrabawar kaifin ƙwaƙwalwa ya yi daidai da na 'ya'yan fari. Ma'ana abin da ke aiki shi ne matsayin da yaro ya tashi a kai, lokacin da iyaye suka ba shi, aikin da aka ɗora masa, yadda ake masa magana, ƙannen da yake koya wa abu. Duk waɗannan abubuwa ne da ke hannunku ke da maigidanki, ba abin da aka riga aka rufe a ɗakin haihuwa ba. Allah ne mai tsara wa kowa rabonsa, amma tarbiyya amana ce da aka danƙa mana.

Yanzu ki dubi gidanki da wannan idon. Waɗancan binciken a ƙananan iyalai na Turawa aka yi su, mu kuwa gidajenmu wani ɗan fari ne a ɗakin uwarsa amma na bakwai a wajen uba, wata auta ce amma ta tashi da 'ya'yan yayyenta tana goyonsu. Ɗanki ma a takarda ɗan fari ne, amma shekarun da ake koyon zama da 'yan uwa a gidan kaka ya yi su, kuma kin san yadda kaka take da jika, can shi ne ɗan lele, shi ake lallashi, ba wanda yake rabon nama da shi. Sai rana ɗaya aka dawo da shi gidan da ƙanwarsa ta riga ta san kowane lungu, ta san yadda ake shawo kanki, ga jariri a hannunki, aka ce masa to kai ne babba, ka kula da su. Ya rasa gatan kaka, bai tarar da wurinsa a jikinki ba, abin da aka miƙa masa kawai kalmar "babba" ce. Dole ya riƙe ta da hannu biyu. Ba ina zargin mahaifiyarki ba ne ko ke, riƙon ɗan fari a wajen kaka abu ne da iyayenmu suka yi da kyakkyawar niyya kuma mutane da yawa sun tashi a haka lafiya lau, kawai dai dawowar tana buƙatar a yi wa yaro shimfiɗa, shi kuma da alama ba a yi masa ba.

Batun salon shugabanci kuma, tun a 1933 wata mai bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka, Mildred Parten, ta wallafa abin da ta gano bayan ta zauna tana kallon yaran nazare suna wasa, ta ga masu jan ragama iri biyu ne. Akwai mai tursasawa, wanda da tsawa da ƙarfi yake juya 'yan tsirarun da ya fi ƙarfi, akwai kuma mai dabara, wanda da shawara da lallami yake jan yara da yawa ba tare da sun ji an tilasta musu ba. Ai kamar yaranki biyu take bayani. 'Yarki ba ta da ƙarfin da za ta doki yayanta, kuma ba a barinta ta taɓa auta, to tun tana ƙarama dole ta koyi ciniki, "ka ba ni wannan in ba ka wancan", "bari mu yi naka tukunna sai mu yi nawa", kuma wannan kayan aikin duk inda ta je yana mata amfani, a layi, a aji, a Islamiyya. Shi kuwa yayan kayan aikinsa biyu ne, ya fi su ƙarfi kuma Baba ya ɗaure masa gindi. To da ya shiga aji sai ya tarar duk sa'anninsa ne, ba wanda ya girma, ba wanda zai ce wa "ni ne babba" a saurare shi, kuma bai koyi ɗaya hanyar ba, shi ya sa ya koma gefe ya yi shiru. Zaman kaɗaicin nan na burek da dukan da yake yi a gida abu ɗaya ne ke haifar da su, kuma ni zaman kaɗaicin ya fi damuna. Abin daɗin shi ne ita ɗaya hanyar koyonta ake yi, kuma a shekarunsa da wuri take shiga.

Zan fara da ke, dan gyaran da ya fi sauƙi kuma ya fi tasiri a hannunki yake. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ba zan ce ki wayi gari kina kwaɗa masa kira da sunansa a gaban surukai ba in ranki bai kwanta da hakan ba. Amma ki sani yaro ɗan shekara 8 bai san me ake nufi da kunya ba, abin da idonsa ke gani shi ne auta yana kan cinyarki, ƙanwarsa kina mata kitso kuna hira, shi kuma daga "kai zo nan" sai "kai ba ka ga ƙaninka yana kuka ba". Ki samo masa sunan da za ki iya kira da daɗin baki, Yaya ko Babban mutum ko wani laƙabi naku ku biyu. Ki ware masa ɗan lokaci kullum, ko minti 10 ne, bayan an kwantar da auta, ki zaunar da shi kusa da ke ki shafa kansa ki tambaye shi me aka yi a makaranta, wa ya ba shi haushi, me ya ba shi dariya, kuma a wannan lokacin kar ki yi masa faɗa ko wa'azi ko ki sako zancen ƙannensa. Kwanakin farko zai iya yin ɗari-ɗari ko ya ce ba komai, ki ci gaba. Ki kuma ba shi labarin haihuwarsa, yadda aka yi murna, dalilin da ya sa aka kai shi wajen kaka, dan yara da yawa da aka ba riƙo suna ɗauka a ransu cewa ba a son su ne, kuma ba sa taɓa faɗa. Sannan ki rage masa "ka yi haƙuri kai ne babba". In auta ya ƙwace masa abu a karɓo masa kayansa. Babba juji ne, gaskiya ne, amma wannan maganar dattawa ake wa, yaron da kullum shi ake sa wa haƙuri ko da shi aka zalunta zai je ya rama a inda ba kya gani.

Sai maigida. Ki yi masa adalci a ranki, mutumin nan ba ƙin 'yarsa yake ba, tsoro yake ji. Yana tunanin ranar da ba ya raye wa zai riƙe gidan, yana son ƙanne su tashi da ganin girman yayansu, kuma wataƙila shi ma haka aka yi masa ko aka yi wa yayansa. Burinsa mai kyau ne, hanyar ce za ta kai shi inda ba ya so, dan ƙannen da suka tashi da tsoron bulalar yaya, ranar da suka yi tsawon da ba ya iya dukansu shikenan an gama, sai gaba da ƙin zumunci, kuma duk mun san gidajen da 'yan uwa ciki ɗaya ba sa gaisawa saboda abin da ya faro tun yarinta. Kada ki tare shi da maganar a gaban yara ko lokacin da ya dawo a gajiye, kuma kar ki fara da "ka yi kuskure". Ki bari ya ci abinci ya huta, ki fara da abin da malama ta faɗa, dan na tabbata bai san ɗansa shi kaɗai yake zama a makaranta ba, kuma wannan zai taɓa shi. Ki ce masa kina son yaron ya zama magajin da ƙannensa za su bi da son ransu, ki roƙe shi abu ɗaya tak a karon farko, ya janye izinin duka. Kuma shi da bakinsa zai janye, a cikin mutunci, ya kira yaron ya ce masa daga yau hukunci nawa ne da mamanku, kai aikinka ka kare su ka koya musu, in wani ya yi laifi ka faɗa mana. Kar a yi shi a matsayin an tsige shi, a gaban ƙanne.

In maigidanki mai jin maganar addini ne, kuma ina kyautata zaton haka, ki tuna masa cewa hadisin da ya ce ba ya cikinmu wanda bai san girman manyanmu ba, shi ne dai ya ce da wanda bai tausaya wa ƙanananmu ba, tare suka zo. Ki tuna masa Anas ɗan Malik da ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, da babansa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. In kuma ya ce mace ba ta shiga gaban yayanta, tarihinmu na nan kusa ya ishe ku. Muhammadu Bello da ya zama Sarkin Musulmi a 1817 ba shi ne ɗan farin Shehu Usmanu ba, ita kuwa Nana Asma'u da aka haifa a 1793 tana can ƙasa a jerin 'ya'yan Shehu, amma ita ta kafa tsarin 'yan taru na ilimantar da mata, ta naɗa jajis, wato malamai mata masu ja musu gaba, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, kuma yayanta Bello bai ga hakan a matsayin raini ba, tare suka yi aiki. Sannan ki nemi alfarmar ya riƙa fita da yaron shi kaɗai, masallaci, kasuwa, wajen sana'arsa, gaisuwar 'yan uwa. A nan ne zai ga yadda babansa ke magana da mutane, yadda ake rarrashin abokin ciniki, yadda ake ba da haƙuri, wannan shi ne ainihin horon magaji. In ya ƙi saurarenki gaba ɗaya, kar ki mai da abin rigima, ki nemi wanda yake jin nauyi, mahaifiyarsa ko wani yayansa ko malaminsa, ki kai maganar a matsayin neman shawara kan yaron ba ƙarar miji ba. Kafin nan ke dai a lokacin da kike gida dokarki a fili take, ba a duka a gabanki.

Amma fa in an karɓe masa bulala dole a ba shi wani abu a madadinta, in ba haka ba zai ji an bar shi hannu rabbana. Ki ba shi aikin da ke da girma a ciki kuma ba ya buƙatar tsawa. Ya riƙa biya wa auta Fatiha da ƙananan surori, ya koya masa ɗaura takalmi, ya riƙe kuɗin burodi in an aike su, shi zai raba musu biskit amma da sharaɗin mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe, za ki sha mamakin yadda zai koyi adalci da wannan ɗan sharaɗin. Kuma ki koya masa kalmomin da zai yi amfani da su, dan wallahi sau da yawa yara ba su da su ne kawai. Maimakon "ba ni rimot", ya ce "in wannan ya ƙare sai a sa nawa". In kin ji ya yi hakan ko sau ɗaya, ki yaba masa nan take kuma ki faɗi abin da ya yi, "na ji yadda ka lallashi ƙaninka har ya yarda, ka kyauta", in Baba ya dawo ki faɗa masa a gaban yaron. Rimot da zaɓen wasa da zama gaban mota kuwa a sa su a layi, yau wannan gobe wancan, har da auta, dan kowannensu ya ɗanɗana ja gaba ya kuma ɗanɗana bin wani. Maganar littafin da ya yaga ma kar a bar ta ta wuce haka, ba da duka ba, ya zauna ya liƙe shi da hannunsa ko a cire wani abu daga kuɗin burek ɗinsa a sayi sabo, ya miƙa mata da kansa ya ba ta haƙuri. Kina iya ce masa kin san ya ji zafi kuma jin zafin ba laifi ba ne, yaga littafin ne laifi.

Ita kuma 'yar tawa, ki taya ta murnar monitanta da kyau, ko an makara, dan ranar da ya kamata ta yi farin ciki ta ƙare da kuka da faɗa, kuma yarinya mai hankali irinta za ta iya ɗaukar darasin da ba shi ake so ba, cewa in ta yi fice gida zai rikice, sai ta fara ɓoye abin da ta iya. Na fi jin tsoron wannan a kan rawar kai. Girmama yaya daban, ki koya mata shi, ta gaishe shi, ta kira shi Yaya, kar ta yi masa gori da muƙaminta. Ku kuma manya ku kiyaye bakinku daga "ba ka ga ƙanwarka ba", wannan jimlar ita ke hura wutar. Ki kuma lura da wani abu, yara masu sulhu irinta sukan saba da haƙura da nasu dan a zauna lafiya, to lokaci-lokaci ki tambaye ta ita me take so, kuma ki bari ta samu.

Auta nasa mai sauƙi ne in kun haɗa kai. Ya gano kuka yana aiki ne shi ya sa yake yi, ba dan an haife shi a ƙarshe ba. In ya fara, ki ce masa a natse "ka faɗa da baki in ji", in abin da yake nema ba nasa ba ne kar a ba shi ko zai yi birgima, kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, kar ki karaya a nan. Ɗan shekara 4 ya isa ya kwashe kayan wasansa, ya kai kofinsa kicin, ya jera takalma a bakin ƙofa. Kuma duk ranar da yayan ya ga an hana auta abu saboda shi, rabin fushinsa zai sauka.

Ki koma wajen malamarsa ki roƙe ta abu biyu. Ta sa ido ta gani ko akwai masu tsokanarsa ko cin zalinsa, dan yaron da ake danne wa a waje yakan zo gida ya huce a kan na ƙasa da shi. Sannan ta ba shi ɗan aiki a aji da zai haɗa shi da wasu, raba littattafai ko goge allo shi da wani yaro, ba sai monita ba. Ki tambaye shi wa ya fi so a ajinsu, in da hali ki gayyato yaron gida ranar Asabar su yi wasa su biyu, dan abota da mutum ɗaya ta fi sauƙin farawa a kan shiga cikin taro, in kuma akwai inda yaran unguwa ke buga ƙwallo a ƙarƙashin kulawar babba ki bar shi ya je, a fili zai koyi cewa sai ka ba wani ƙwallo kafin a ba ka. Ki ba wa duk wannan kamar zango guda na makaranta kafin ki yanke hukunci, za a yi ta gaba ana baya, wata ranar zai koma dukan, ki tsayar da shi ki ci gaba da tsarin. Amma in kin ga dukan yana yin tsanani har yana ji wa ƙannensa ciwo, ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko ba ya barci, ko yana ƙin zuwa makaranta, ko karatunsa ya faɗi, to kar ki jira zangon ya ƙare, ki kai shi wajen likitan yara ki faɗa masa duk abin da kika faɗa min, har da shekarun da ya yi a wajen kaka, a duba idonsa da jinsa ma, dan wani lokacin yaron da ba ya ganin allo sosai ko ba ya jin malama shi ne ke komawa gefe. Kakar tasa ma ki sa ta a ciki, ki bari ya riƙa zuwa mata hutu ko suna gaisawa a waya, maganarta tana da nauyi a wajensa, in ta ce masa ta ji labarin yana koya wa auta karatu zai ji daɗin da ba kya zato. Ki rubuto min bayan hutun zangon nan in ji yadda ake ciki, musamman abin da malama ta gani a burek. Allah ya shirya mana su, ya haɗa kansu.